Amin Ɗin Da Inna Ta Roƙa

Ranar da muka binne Inna, layinmu na Tudun Wada a Gusau bai ɗauki mutane ba. Tabarmin gidanmu suka ƙare, aka kwaso na maƙwabta, har da bencin mai shayin bakin titi. Matan cocinmu na Katolika sun zo da ankonsu. Masu sayen man gyaɗa a wurinta sun zo, direbobin tashar Tsafe da take ba saƙo sun zo, limamin masallacin layinmu ma ya zo da jama'arsa bayan azahar. Duk wanda ya tsuguna abu ɗaya yake faɗa, abin da kowane Bahaushe ke faɗa a gidan mutuwa: Allah ya jiƙanta. Amsar kuwa ba sai an koya wa kowa ba.

Amma Yaya, wanda shi ne babbanmu, shi ne namiji tilo, shi aka zaunar a tsakiyar tabarma yana karɓar gaisuwa, sai ya ce, "Na gode." Haka ya yini. A ce Allah ya jiƙanta, ya ce na gode. Wasu suka ɗauka bai ji ba, suka maimaita da ƙarfi, ya sake gode musu. Liman ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya shafa addu'arsa ya tashi. Wani direba ya ja ni gefe yana ba ni shawara a samo wa Yaya magani, wai mutuwar ta taɓa masa kai. Matan coci kuwa ba su ja kowa gefe ba, a nan tsakar gida suka riƙa taɓe baki suna cewa ai dama sun san za a yi haka. Ni ina ɗaki ina karɓar gaisuwar mata, rabin zuciyata na kukan uwata, rabi na son in fita in shaƙe ɗan'uwana.

Ba kansa ne ya taɓu ba. Yaya fasto ne a wata ƙaramar coci a Bungudu, ta ɓangaren Furotesta, kuma a koyarwarsu ba a yi wa matacce addu'a. Sun ce wanda ya mutu hukuncinsa ya riga ya yanku, kuma Littafi Mai Tsarki bai umarci kowa ya roƙa masa jinƙai ba. Da yawa daga cikin mutanensu suna amsa amin ɗin nan a gidan makoki ba tare da sun ɗauke shi komai ba, gaisuwa ce kawai. Yaya ba ya cikinsu. Shi in ya ce abu babu a rubuce, to ko gaisuwa ce babu. Inna kuma, tun tana da ranta, ta roƙe shi amin ɗin nan da bakinta. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so a tuna uwata a unguwa da cewa ita ce matar da ɗanta ya riƙa godiya a kan gawarta, kuma gaskiya haushin bai sake ni ba.

An haifi Inna a wani ƙauye cikin duwatsun ƙasar Tsafe. Ubanta Bamaguje ne, a kan al'adar kakanni ya rayu ya mutu. Tana yarinya wani Fada, limamin Katolika, ya riƙa zuwa ƙauyensu a kan babur, a hannunsa aka yi mata baftisma. Ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta san ko baƙi ɗaya ba har ta koma ga Mahaliccinta. Aure ya kawo ta Gusau, inda Baba ke aiki a wurin gurzar auduga, ita kuma ta kama sana'ar mai da ƙuli-ƙuli, da ita ta yi mana makaranta. Mace ce gajera mai faɗa, mai saurin kuka, mai saurin dariya. Ba ta iya raɗa ba. In ta ce za ta faɗa maka sirri, gida uku ne za su ji.

Ibadarta a bakin turmi take. Da safe in an kawo niƙan gyaɗa, za ta zuba ruwan zafi ta fara juyawa, tana matsa tunkuza tana kiran matattu. Allah ya jiƙan ubana. Allah ya jiƙan uwata. Allah ya jiƙan ɗiyata da ba ta yi suna ba. Daga nan ta shiga maƙwabta, Kirista da Musulmi, har da wani mahauci da suka yi shekaru ba sa ga maciji. Dokar gidanmu ita ce duk wanda kunnensa ya ji sai ya amsa. Ko kana wanka, ko kana cin ɗumame, sai ka ce amin, in ba haka ba muciya ta same ka. A wancan lokacin muryar Yaya ta fi ta kowa. Har waƙa yake mayar da ita don ya ba mu dariya, Inna tana zaginsa tana dariyar ita ma.

Makarantar kwana ce ta canza shi. Ya dawo hutu wata shekara da ɗan Littafi a aljihu, ya ce ya sami gaskiya, kuma an sake yi masa baftisma a gulbi, domin yayyafin da aka yi masa yana jariri ba baftisma ba ce. Inna ta ajiye abin da take yi ta dube shi. Ta ce ita ta goya shi a ƙafa har coci ranar, ita ta ɗinka masa farar riga da kuɗin mai, in ruwan ne ya yi masa kaɗan ai da ya yi magana ta ƙara masa da buta. Muka yi dariya, mun ɗauka abin na hutu ɗaya ne. Washegari ta kira matattunta a bakin turmi, muka amsa, Yaya ya yi shiru. Ta maimaita. Ya ce a ina aka rubuta.

Tambayar nan, a ina aka rubuta, ita muka ci muka sha a gidanmu shekara da shekaru. Inna ta ja carbinta, a ina aka rubuta. Ta ƙi cin nama ranar Juma'a cikin azumi, a ina aka rubuta. Ta je faɗin zunubi wurin Fada, a ina aka rubuta. Ita kuma amsarta ɗaya ce, Ikilisiya, wato coci, ta ce. Yaya ya ce Ikilisiya a ƙarƙashin Maganar Allah take, ba a samanta ba, kuma Fada mutum ne, Fafaroma ma mutum ne, suna iya kuskure. Inna ta ce to fastonsu mala'ika ne? Ta ce Littafin nan bai tako da ƙafarsa ya zo ƙauyensu ba, mutane suka ɗauko shi, kuma waɗanda suka ɗauko shi su suka san abin da yake nufi. Ta ce ya fita ya ƙirga a Gusau, kowane shago coci, kowa da Littafi a hammata, kowa ya ce shi ya gane. Yaya ya ce gara mutane su rarrabu suna neman gaskiya da su taru wuri ɗaya a kan kuskure. Haka za su yi ta yi har tuwo ya huce. Baba, Allah sarki, sai ya ɗauki rediyonsa ya koma zaure.

Wata rana katikis ɗinmu, mai koyar da addini a coci, ya gaya mata cewa addu'ar matattu tana rubuce, sai dai a cikin littattafan da 'yan Furotesta ba su sa a nasu kundin ba. Inna ta dawo gida kamar wadda ta tsinci akuya. Ta aro Littafin katikis, ta jira Yaya ya zo, ta karɓi nasa, ta ɗora ɗaya a tafin dama ɗaya a hagu tana aunawa yadda take auna ƙullin gyaɗa.

"Yaron ga," ta ce, "naku an rage mudu."

"A'a Inna," ya ce, "naku aka yi wa algus."

Ka ce wa mai sana'ar mai algus! Ta yi watanni ba ta amsa gaisuwarsa. Amma a cikin watannin nan ko sau ɗaya ba ta fasa aika masa galan ɗin mai da ƙuli-ƙuli zuwa Bungudu ba, sai dai ta kafa wa direba sharaɗin ya faɗa masa a gaban matarsa cewa man wanga ba algus. Direban kuwa yana faɗa, har ya zama abin tsokana a tasha.

Haka take da shi. Ranar da aka naɗa shi fasto ta rantse ba za ta ba, sai ga ta a bencin baya da carbinta a hannu, tana ja tana hawaye, mutanen cocin suna satar kallonta. Lokacin da iska ta yaye rufin cocinsa, kwanon da ta tara don gyara ɗakinta ta sa aka loda a mota aka kai, ta yi damina biyu tana tara roba a ƙarƙashin yoyo. Na ce mata Inna, cocin da kike cewa an rage wa mudu? Ta ce in rufe mata baki, ruwa bai san ɗariƙa ba. Wata mata daga cikin shugabannin matan cocinmu ta taɓa zuwa har gida tana jajanta mata wai ɗanta ya ɓata. Inna ta raka ta da tsintsiya har bakin titi, tana cewa ita ta haife shi, ita kaɗai ke da ikon zaginsa.

Gidan mutuwa kuwa ba ya wuce ta. Ko a ina aka yi rasuwa a Tudun Wada, na coci ne ko na masallaci, Inna ce ta farko da kwalbar mai da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta zauna ta yi kuka fiye da masu gawar, washegari sunan mamacin ya shiga bakin turmi. Ta yarda da zuciya ɗaya cewa yawancin mutane ba sa mutuwa da tsabtar da za su wuce kai tsaye gaban Allah, akwai wurin da ake tsarkake su tukuna, kuma addu'ar masu rai tana rage musu zaman. A wurinta amin ba gaisuwa ba ce, taimako ne, kamar ka kama wa mutum kaya ya ɗora a ka.

Mutuwar Baba ce ta nuna mata abin da ke jiranta. A zaman makokin nan Yaya ya fara godiyarsa, tana ɗaki tana jinsa. Ba ta yi masa faɗa ba, wanda hakan ya fi ba ni tsoro. Sai da mutane suka watse ta ce da ni, to, ita ma haka zai yi mata ke nan.

Daminar bara ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Wata rana da la'asar Fada ya kawo mata jibin Ubangiji ya shafa mata man addu'ar marasa lafiya. Yaya yana nan. Ya gaishe shi da ladabi, ya ɗaga masa labule, ya fita zaure har aka gama. Da ya dawo Inna ta sa ya zauna a bakin gadonta, ni ina gefe ina yi mata fifita. Ta ce ba ta taɓa roƙonsa ya dawo Katolika ba, ba ta roƙe shi ya biya a yi mata Misa, babbar addu'ar cocinmu, ba, wannan aikina ne ni 'yarta. Abu ɗaya take so. In ta tahi, mutane za su zo su ce Allah ya jiƙanta, ya ce amin.

Yaya ya riƙe hannunta ya ce ba ta bukata. Ya ce ta ba da gaskiya ga Yesu tun tana yarinya, jininsa ya isa, ranar da ta rufe ido a nan ranar za ta buɗe a gabansa.

"Kai ka san halina ko ni?" in ji Inna. "Na yi zagi, na yi gulma, na riƙe mutane a zuci. Da wanga datti zan shiga? Mi zai rage ka in ka ce amin?"

Ya sunkuyar da kai. Ta juya fuskarta bango. Ni kuwa na ci gaba da fifita da ƙarfin da ya fi na fifita, don in ban yi haka ba mafici a kansa zai sauka.

Ba ta ga kaka ba. Mun so kai ta ƙauyensu kusa da iyayenta, hanya ba ta da lafiya, muka binne ta a Gusau kusa da Baba. A bakin kabarin ma ba a bar mu mun yi kuka cikin kwanciyar hankali ba. Katikis ya karɓi magana ya riƙa jaddada cewa marigayiya ta mutu a cikin Ikilisiya ta gaskiya, guda ɗaya tak, yana faɗa yana duban inda mutanen Bungudu suke tsaye. Wani dattijon cocin Yaya shi ma da aka ba shi dama ya ce mun gode wa Allah ceto ba ya bukatar ƙarin kowa. Uwata tana kwance a akwati ana jifan juna ta samanta. Wallahi ranar da ina da iko da duka ɓangarorin biyu na kora gida.

A rana ta uku Hajiya ta iso daga Rawayya. Ita ce ke kawo wa Inna gyaɗa tun kafin a haife ni, aminiyarta ce ta gaske, tsohuwa ce har ta fi Inna shekaru. Jikokinta suka riƙo ta har gaban Yaya. Ta ce Allah ya jiƙanta, ya ce na gode. Ta sake faɗa, ya sake godewa. Sai ta dafa sandarta ta ce ita ba ta san addininmu ba, ba ta san me ya raba mu ba, amma ta san abin da ƙawarta ta roƙa, domin ta faɗa mata. Ta ce ita Musulma ce, tana da malamai, ta san abin da wasunsu za su ce a kan addu'ar da take yi wa wannan matar, amma ga ta ta shigo mota da ciwon baya ta zo ta yi. Ta tambaye shi, shi da ya sha nononta, me ya riƙe masa baki. Yaya ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri." Ta dube shi ta girgiza kai, ta ce a kai ta wurin mata.

Da yamma na tare shi a bayan madafa, na zazzage masa abin da ke cikina tun muna yara. Na ce ya kunyata mu, ya kunyata ta. Na ce kalma ɗaya ce, ko aku aka koya wa zai faɗa. Na ce in ma zunubi ne ya faɗa ni zan ɗauka. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce in ya ce amin, ya yarda ke nan Inna ba ta isa ba, tana wani wuri tana shan wahala tana jiran sai mun roƙa mata, shi kuma ba zai iya kwana da wannan tunanin ba, domin ya tabbata tana hutawa. Ya ce akwai gwauruwa a cocinsa da ta zo tana kuka tana so a yi wa mijinta addu'a, ya zaunar da ita ya hana ta da ayoyi. Ya tambaye ni ko koyarwa ɗaya zai yi wa matattun mutane, wata daban ga tasa uwar. Yana maganar hawaye na bin gemunsa.

Abin haushin shi ne da gaske yake. Na so ya zama girman kai ne, da na ji daɗin zaginsa. Sai na ga halin Inna ne sak a jikinsa, taurin kan nan da ta ba shi da hannunta. Na koma ina jin haushinta ita ma. Duk abin da ke duniya, ta rasa abin da za ta roƙa sai ɗayan nan da ta san ba zai iya bayarwa ba. Su biyun sun bar ni a tsakiya kamar yadda suka saba, sai dai yanzu ɗaya ba ta nan balle in kai mata ƙara.

Bayan 'yan makonni na sa aka yi mata Misa. Na gaya wa Yaya ranar don kada ya ce ban faɗa ba, ban sa ran ganinsa ba. Da safe ina ɗaura ɗankwali sai na ji babur a ƙofar gida. Ya taso daga Bungudu, ya ce in hau ya kai ni. A bakin ƙofar coci ya tsaya ya kashe babur, na sauka, na tsaya ina jira ko zai sauko. Bai sauko ba. Har na juya zan shiga ya kira ni.

"Ni ba zan iya ba," ya ce. "Ke kina iyawa. In an zo wurin, ki faɗa da ƙarfi."

Na so in ce masa ni ba 'yar aikensa ba ce. Sai na fasa. Na shiga na zauna kusa da taga, ina hango shi a kan babur cikin rana, ga inuwar bishiya a harabar coci amma ya ƙi shigowa ko nan. Da Fada ya ambaci sunan Inna ya roƙa mata jinƙai da hutawa, na buɗe baki na ce amin da muryar da ban san ina da ita ba. Coci gaba ɗaya ta waiwayo. Fada ya ɗan dakata, wata tsohuwa ta dafa ni tana cewa in yi haƙuri. Ban kula su ba, taga nake kallo. Yaya ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa.

Da na fito bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Na ji," ya ta da babur.

Inna, kin yi wa matattun unguwa guda addu'a ba ki gaji ba. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki zagin da gulmar da kika ji tsoro, ya ba ki hutun da ba ki samu a gidanmu ba. Kai kuma mai karatu, in addininka ya yarje maka, ka amsa mata. Ɗanta ba zai iya ba.